Surukata Mai Walda

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar wata Laraba da hantsi layi ya zo kan Inna, mahaifiyar maigidana, wadda na zauna gida ɗaya da ita a unguwar Kwararafa, cikin Jos, tun ranar da aka kawo ni amarya. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Kafin magariba kuwa gidan ya cika da irin mutanen da danginmu na nesa suka kasa gane abin da ya haɗa su da tsohuwa.

Tsofaffin ma'aikatan jinya da suka yi aiki tare da ita sun zo, suka haɗa kai a gefe guda suna share hawaye, suna cewa, "Sista ta tafi." Wannan kowa ya fahimta. Amma a ƙofar gida ga mahauta daga Abatuwa sun cika tabarma guda, ga masu keke napep sun jera kekunansu har sun tare hanya, ga mai shayin bakin titi ya rufe teburinsa ya zo ya tsuguna yana kuka kamar yaro. Wata gwaggon maigidana da ta zo daga Bauchi ta leƙa waje, ta dawo ta ja bakin hijabina.

"Ke, wai mace aka rasa a gidan nan ko bakanike?"

Ana haka sai ga ɗaya daga cikin matan da suka yi mata wanka. Ta ja ni lungu, ta ƙura mini ido, ta ce ta ga tabon ƙuna ɗigo-ɗigo a hannayen mamaciya, har wajen gwiwar hannu, wasu tsofaffi wasu sababbi. Na gane irin kallon da ake yi wa matar ɗa. Sai na kama hannunta na kai ta bayan gida, na tura ƙofar sito. Ta ga injin walda, ta ga ƙarafa jingine a bango, ta ga gilashin rufe fuska rataye a ƙusa ɗaya da carbin Inna. Sai ta ce, "Allah Ya yafe mini."

Tun daga ranar nake jin dole in rubuta wani abu. Jikokinta ƙanana za su taso su ji an ce kakarsu nas ce, shi ke nan. Ni kuwa da na sha wahalarta, na kuma sha daɗinta, ba zan yarda a taƙaita ta haka ba.

Inna ba ta iya zama ba. Wannan shi ne farkon abin da ya kamata a sani. Tana cin abinci ƙafarta na rawa, tana lazimi idonta na kan tukunyar da ke wuta. Ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin tiyata, tsaye a saitin kan marar lafiya, tana lura da iskar da ake ba shi har likita ya gama. Ba a daɗe da yin ritayarta ba Baba, mijinta, ya rasu, sai ga mace da ta saba fita tun asuba an ce ta zauna takaba.

Mu muka ji a jikinmu. Ta wanke tukwanen da na riga na wanke. Ta tsince shinkafa buhu guda. Ta sauya wa komai wuri a kicin ɗina, har na taɓa zuba gishiri a kunun yara. Da ta rasa abin taɓawa a cikin gida sai ta faɗa wa siton Baba, wanda ba a buɗe ba tun yana da lafiya. Can na ji ta ƙwala mini kira. Malama take ce mini, don ina koyarwa a firamare.

"Malama! Zo ki ga wani abu."

A ƙarƙashin buhuna ta tono wani inji da Baba ya saya hannun masu kawo tsofaffin kaya daga waje. Ba irin na masu waldar bakin titi ba ne da ake maƙala wa sanda. Wannan zaren ƙarfe yake turowa daga cikinsa, ta wani tiyo mai mariƙi a baki. Baba ya gwada shi 'yan kwanaki, ya ga sai tofi yake yi yana ɓata ƙarfe, ya ce an cuce shi, ya jefar. Amma ba injin Inna take nuna mini ba. Wani ɗan ƙarfe ne mai ruwan zinariya da ta samu a cikin kwalinsa, da agogo a jiki, da siririn bututun gilashi mai ɗan ƙwallo a ciki.

"Kin san tsawon shekarun da na yi ina kallon ɗan'uwan wannan? Kan tukunyar gas ake ɗaura shi. Ƙwallon nan shi ke faɗa miki yawan iskar da ke fita." Ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. "Bawan Allah ya yi ta zagin inji, ashe yunwa yake ji. Bai taɓa ba shi gas ba."

Auta, ƙaramin ɗanta da ke aiki a Legas, shi ya riƙa turo mata bidiyo a waya. Ta ƙarasa takabarta da tabarau a hanci tana kallon hannayen mutanen da ba ta sani ba suna haɗa ƙarfe. Ni ce ɗalibarta ta dole. Ina yanka albasa za ta tsaya a kaina ta ce, "Ƙarfe in ya narke kamar ciwo ne a buɗe, Malama. Iskar waje ta taɓa shi ya lalace. Gas ɗin ba wuta yake yi ba, lulluɓe wurin yake yi har ya huce." In ce to, Inna. Ta ce ba to ba, maimaita.

Washegarin fitarta takaba ta sa mayafi ta tafi neman gas. Masu gas ɗin girki suka yi ta turata gaba, har ta dangana da wani shago ta wajen Anguwan Rukuba. Mai shagon ɗan ƙabilar Ibo ne da ya zo Jos tun yana saurayi, kowa Baban 'Yan Biyu yake ce masa. Shi da bakinsa ya ba ni labarin haɗuwarsu. Ya ce da ya ga tsohuwa da mayafi tana ƙwanƙwasa tukwanensa sai ya taso da sauri.

"Mama, wannan ba na dafa abinci ba ne o."

"Na ce maka tuwo zan tuƙa? Wanne ne na walda, kuma yaushe aka gwada lafiyar tukunyar nan?"

Ya ce nan take ya ja mata kujera, ta ƙi zama.

Gas iri biyu yake samo mata. Akwai wanda ake sa wa lemon kwalba, shi ta fi samu, tana ce masa na lemo. Yana aiki, amma tartsatsinsa ya yi yawa, shi ya yi mata yawancin tabon hannun nan. In kuma aiki ya yi tsawo da sanyin safiyar Jos, sai kan tukunyar ya yi fari fat da ƙanƙara, ƙwallon ya riƙa tsalle. Akwai kuma wanda aka gauraya da wata iska da ake kira agon, shi take ce wa haɗi. In ta samu haɗi har waƙa take yi, don walda na fita sumul kamar an shafa da cokali. Sai dai daga kudu ake kawo shi, kuma sai an ga dama.

Tana da dokokinta, kuma gidan nan kaf mun haddace su. Tukunya ba ta tsayuwa sai da sarƙa a bango. Duk sabuwar da aka kawo, sai ta shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ta tsuguna tana jiran kumfa. Ƙwallo ba a karanta shi sai an danna mariƙi gas na fita. In babu iska, tsakanin goma da sha biyu take ajiye shi. In ta tashi aiki ta murɗe kan tukunya, ta danna mariƙi har ƙwallon ya faɗi ƙasa. Duk da haka muna tsakiyar cin tuwo za ta ajiye loma ta ce, "Na rufe kuwa?" Mu ce kin rufe, Inna. Ta tashi ta je ta duba.

Agogon na lemo kuwa maƙaryaci take ce masa. Wai allurarsa na nan a wuri ɗaya kamar tukunya cike take, sai ranar da zai ƙare ta faɗi gaba ɗaya. Saboda haka ta ƙwace sikelin da nake gwada nauyina, take sa a ɗora mata tukunyar a kai duk Juma'a.

Aikinta na farko-farko ba ya kallo. Sai ta goge wurin da ta haɗa, ka ga ramuka ƙanana sun cika shi. Ita ta raɗa wa abin suna. "Na yi sinasir," za ta ce, ta wurgar da ƙarfen. Babban abokin gabarta iska ce. Wanda ya san Jos ya san iskarmu ba ta sallama, daga kan duwatsu take gangarowa ta shiga kowane lungu, ta kwashe gas ɗin daga bakin mariƙi kafin ya rufe komai. Ranar da take gyara ƙyauren gidanmu a waje, ta ga sinasir, ta ƙara gas. Ta sake gani, ta ƙara, har ƙwallon ya haura ashirin yana neman bugun rufin gilashi. Aiki ya ƙara lalacewa, don in gas ya fito da ƙarfi hargitsewa yake yi ya jawo iskar da ake gudu. Tukunyar da ya kamata ta yi mata wata ta ƙare kafin mako ya zagayo. Da yamma ta shigo kicin ta ce, "Gas ba miya ba ne, Malama. Yawansa ba ya gyara tuwo."

Da hannunta ya faɗa, sai unguwa ta gano ta. Wani mahauci ya fara kawo baron da yake ɗaukar nama, ƙafa ta karye. Bayansa ƙugiyoyin rataye nama, sai ƙarfen rumfar keke, sai murhun mai shayi. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, kuma duk wanda ya ce mata yana sauri sai ta nuna masa hanyar masu waldar bakin titi. Abu ɗaya take nema: in tukunya ta ƙare, a samu mai ƙarfi ya ɗora ta a keke ya kai shago ya dawo da wata. Mahautan kuma ba su fasa aiko mana da hanta da jelar sa ba.

Kawu, yayanta, bai ji daɗin abin ba. Ya zo takanas ya same ta da gilashi a fuska da tsohuwar rigar Baba a kan zaninta.

"Mace da jikoki, ki rufe fuska kamar ɗan fashi, maza na shigo miki da baro? Me mutane za su ce?"

Ta ɗaga gilashin. "Yaya, da nake wuni cikin jinin mazan mutane a asibiti ba ka ce komai ba. Ƙarfe ne ba muharramina ba?"

Ya fita yana kaɗa riga, ya yi wata biyu bai tako gidan ba. Ranar da ya dawo, da kujerarsa ta zaman ƙofar gida ya zo a bayan mota, ƙafa ɗaya a hannu. Wai hanya ce ta biyo da shi. Ta gyara, ba wanda ya tayar da tsohon zance.

Kwanakin da muka fi tsoro su ne na rashin gas. Ta kira Baban 'Yan Biyu da safe, ta kira da azahar. Muna jin muryarsa ta waya: "Mama, abeg, motan bai zo ba. Ni ya kira direba, ya ce gobe." Ta kashe, ta zagaya tsakar gida, ta leƙa titi, ta dawo kicin ɗina ta fara sauya wa gwangwanaye wuri. Ni kaina har addu'a nake yi motar nan ta iso lafiya.

A wata damina matar Baban 'Yan Biyu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Inna na jin labari ta tafi gidansu. Ta dawo tana faɗa tun daga zaure: an bar mace kwance kamar kayan wanki, in ba ta fara takawa yanzu ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Ta riga ta auno tsayinta da igiyar awo. Ƙarfen dogarawa za ta haɗa mata, irin mai ƙafa huɗu da marasa lafiya ke turawa gabansu.

Lokacin gas ya yanke a gari. Haɗi babu labarinsa, na lemo ma ɗan abin da ya rage a tukunyarta ne, ta ɗora a sikeli ta ce da ƙyar zai kai. Ga watan Agusta, ruwa da iska ba dare ba rana. Ta jira kwana biyu iska ta lafa, ta ƙi. A rana ta uku, wata Asabar, na ji ta shiga sito bayan azahar.

Ina ɗaki ina duba aikin ɗalibai. In Inna na walda, ƙarar kamar ana suyar ƙosai take, mun saba da ita har ba ma ji. Abin da na ji shi ne shiru. Na jira in ji ta ja ƙarfe, ko ta yi tsaki, ko ta kira ni. Ba komai sai ruwa a kan kwano. Na tashi da gudu, don Inna da shiru ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Na tarar da ƙofar siton a rufe, an cusa buhu a taga. Na banka. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, kanta ya karkace, idanu rabi a buɗe. Ɗakin cike da hayaƙi, tukunya na huci ta wajen wuya, kanta fari da ƙanƙara. Da na sunkuya in ɗaga ta sai na ji numfashina ya sarƙe, hancina na zafi kamar na shaƙi lemo. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na kama ta ta hammata na ja ta har tsakar gida, cikin ruwan sama, ina ihu ina kiran maƙwabta. Ta yi ta jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Da ta buɗe ido ta gane ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Kin rufe tukunyar?"

Ta kwana biyu a asibiti. Wata 'yar roba ce ta tsage a mahaɗar, kuma ranar, don gaggawa, ba ta shafa ruwan sabulu ba. Ta rufe ƙofa don kada iska ta cinye mata ɗan gas ɗin da ya rage. Da jiri ya ɗebe ta ta zauna ƙasa, shi kuwa na lemo nauyi ne da shi, ƙasa yake kwanciya.

Kafin a sallamo ta maigidana ya sa wa siton kwaɗo.

Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna 'yar gargajiya ce a wannan fanni: ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa doguwar magana. Saboda haka rigimar da ta fi kowace zafi a gidanmu ta bakina aka yi ta.

"Ki ce wa mutumin naki ya ba ni makullina."

"Ki ce mata na binne uba, ban shirya binne uwa saboda ƙarfe ba."

"Ki ce masa matar mutane na kwance tana jira."

"Ki ce mata akwai masu walda a gari."

Ina kai saƙo ina rage masa kaifi a hanya, duk da haka yana yanka. Inna ta rage cin abinci. Ba ta ƙara taɓa gwangwanayena ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sai ta tsaya a bakin siton ta riƙe kwaɗon, ta saki, ta zagaya, ta dawo. Wata rana ina shanya ta zo ta kama mini bakin zani, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yana da gaskiya, kin sani. Da wata ƙaramar nas ce ta yi abin da na yi, da na kore ta daga ɗakin tiyata. Amma kada ki faɗa masa."

Ban faɗa masa ba. Abin da ya karya shi daban ne. Wata Lahadi bayan sun taso coci, Baban 'Yan Biyu ya kawo matarsa a keke, wai ta matsa sai ta zo ta duba Mama. Hannu ɗaya ta riƙe sandar tsintsiyar goge ɗaki, ɗaya ta rataya a wuyan mijinta, tana jan ƙafa. Daga ƙofar gida zuwa tsakar gida sai da ta huta sau da yawa, maigidana na biye da ita da kujerar roba yana ajiye mata. Da ta iso ta kama hannun Inna, bakinta a karkace, ta ce, "Mama, saboda ni ka kusa mutu." Inna ta ce, "Rufe mini baki, ɗaga ƙafar in gani."

Da safe sai ga magina. Maigidana ya sa aka fasa bangon siton ta ƙasa aka sa bulo mai ƙofofi, aka faɗaɗa taga, aka yi rumfa a gaba. Makullin kuwa a kan farantin karin kumallonta ya ce in ɗora.

"Ki ce mata ƙofa a buɗe, kullum. Ranar da na ga an rufe, masu gwangwan zan kira su auna injin."

Inna ta juya makullin a hannunta. "Ki ce masa na ji."

Maganin iskar kuma daga asibiti ta ɗauko shi. Ta haɗa shamaki mai ninki uku da tsohon kwanon rufi, irin wanda ake kare gadon marar lafiya da shi, tana jan sa duk ɓangaren da iska ta juyo. Masu keke suka samo mata na lemo a hannun wani mai kamfanin lemo da suke yi wa dako. Ta gama ƙarfen dogarawa, ta goge kowace mahaɗa ta duba, ta hau kansa da nauyinta tana girgizawa. Kafin damina ta ɗauke, matar Baban 'Yan Biyu na kai kanta coci.

A shekararta ta ƙarshe zuciya ta fara ba ta matsala. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce ta huta, ta ce masa ta ji, kamar yadda ta saba cewa. Baban 'Yan Biyu ya rufe shago ya kai matarsa garinsu can kudu ganin dangi, ya yi wa Inna alkawarin zai taho mata da haɗi da hannunsa. Tukunyarta ta ƙare bayan tafiyarsa. Da ta rasa abin yi, sai ta ɗauki ƙaramar guduma ta shiga bin duk abin da ta taɓa haɗawa a gidan tana ƙwanƙwasawa tana saurare: ƙyaure, ƙarfen taga, turakun igiyar shanya, gadon yara.

A gindin tankin ruwa ta tsaya. Ƙarfen da ke ɗauke da shi yana cikin ayyukanta na farko, tun kafin ta san sharrin iska. Ta ƙwanƙwasa, ta sake, ta kankare fenti da wuƙa. Lokacin maigidana ya fito zai tafi aiki. Ina jiran ta ce "ki ce wa mutumin naki", sai na ga ta juya ta dube shi ido cikin ido.

"Kai. Zo nan."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya zo.

"Dubi. Ruɓaɓɓe ne tun daga ciki, fenti ya rufe. A nan 'ya'yanka ke wasan 'yar ɓuya. A sauke tankin nan yau."

"Inna, a bari Asabar mana, in nemo—"

"Ina nan tsaye har a sauke."

Kuma ta tsaya. Ya ajiye jakarsa, aka zubar da ruwa, aka kira masu keke da mahauta biyu suka sauke tanki da igiya. Da nauyi ya bar ƙarfen, ɗaya daga cikinsu ya jingina da ɗaya daga ƙafafun ƙarfen don ya huta, sai ta ɓalle ta faɗi. Maigidana ya dubi wurin, ya dubi 'yarmu ƙarama da ke riƙe da zanina, ya tsuguna a gaban uwarsa ya kasa tashi. Ta ɗora masa hannu a ka, ta ɗauke da sauri kamar ta taɓa wuta, ta ce da zarar gas ya iso za ta sake shi gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu, ranar Larabar, ta karya kumallo, ta fita leƙen titi kamar kullum. Da na fito na same ta zaune a kan bencin zaure, ta harɗe hannu a cinya. Ban taɓa ganin ta zauna ba tare da an roƙe ta ba. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Na ɗan gaji, Malama." Na koma in kawo mata ruwa. Kafin in dawo ta cika.

Ranar da aka share makoki, da yamma, muna naɗe tabarmi, keke ya tsaya a ƙofar gida. Baban 'Yan Biyu ne, da ƙurar hanya a jikinsa, ko gida bai biya ba. Shi da mai keken suka sauke tukunyar haɗi, doguwa, sabon fenti. A hanya labari ya same shi. Maigidana ya tare shi ya ce ya gode, amma ya mayar da ita shago, zai samu mai buƙata.

Ya girgiza kai. "Oga, Mama ya ce a kawo. Ni ya ce masa zan kawo." Ya dafa tukunyar. "Ni ba zai iya sayar wa wani ba."

Ya rungumi tukunyar yana mirgina ta a kan gindinta, ta zaure, ta tsakar gida, ta gefen tankin da ke zaune a ƙasa, mata na janye ƙafafunsu. Maigidana ya bi shi ya kama ɗaya ɓangaren. Har sito suka kai ta. Na daɗe ina jin su a ciki, ƙato biyu suna kuka.

Tankin na ƙasa har yanzu, da bokiti muke ɗiban ruwa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ya Allah, baiwarKa ce da ba ta taɓa hutawa a duniya ba. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka ba ta hutun da mu muka kasa sa ta yi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.